Takalman Yaya Hafsi

Da muka isa tsohon gidan sarautar da ake baje kolin fasahar zamani, ni ce a gaba, don a ganina mai rubuta waƙa irina ba za a koya mata ladabin fada ba. A zaure na biyu na hango tsofaffin takalma jere a kan tabarma.

Na ce wa ƙawata, "Rifkatu, tuɓe. Nan ba a shiga da takalmi."

Ta ƙi. Na girgiza kai cikin tausayi, na tuɓe jajayen takalman bikin Yaya Hafsi da na ɗauko ba da saninta ba, na gyara musu wuri a tsakiya. Na yi ta zagaye ina jin sanyin daɓe har zuciya. Kowa da nasa a ƙafa, na ɗauka rashin tarbiyya ne.

Da na dawo na sunkuya, sai dogari ya daka tsawa: "Ke! Ba a taɓawa!"

"Baba, nawa ne."

"Aikin mai fasaha ne. Sai ya dawo daga Abuja."

Ga wani malami kuma yana yi wa ɗalibansa bayani, wai jajayen nan amarya ce da ta yi gudun hijira.

Silifas ɗin alwalar dogarin na ja har unguwarmu Jekadafari, Rifkatu na ta dariya. Kafin in isa, Yaya Hafsi ta riga ta ga takalmanta a hoton da wata ta ɗora a intanet.

Har yau in na tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, sai Yaya Hafsi ta ƙwala kira: "Kada kowa ya taɓa! Gwana ta baje koli!"