Sawuna a Yashin Kyoto

Ni dai har gobe ina ganin laifin yashin ne.

Da 'yarmu Hauwa ta gama karatu a Japan, ta kai ni da mahaifiyarta Hajiya tsohon birnin Kyoto. Gidajen katako, jajayen ganyaye suna sauka a hankali, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, sai ka ce mafarki. Tun a jirgi nake gaya wa Hajiya, wanda ya shekara talatin yana aikin gwamnati a Dutse ba ya buƙatar ɗan jagora.

La'asar ta riske mu a wani gidan tarihi. Na leƙa baya, sai ga fili na farin yashi, an share shi layi-layi, an kewaye da duwatsu. A ƙauyenmu na wajen Kiyawa, haka ake kewaye masallaci a bakin gona.

Na ce wa Hajiya, "Kin gani? Sun san da zuwanmu."

Na tuɓe takalmi, na taka har tsakiya, na shimfiɗa darduma. Sanyin yashin nan har cikin raina.

Hauwa ta dafe kai. "Baba! Lambu ne! Kallonsa ake yi, ba a takawa. Tun asuba tsohon can yake zana shi!"

Tsohon ya matso. Ya dubi sawuna, ya rusuna mini, ya ɗauko manjagararsa. Na gwammace ya zage ni.

Yanzu a majalisa sunana Limamin Kyoto. Hajiya kuwa, duk safiyar da ta share tsakar gida sai ta leƙo: "Alhaji, fito. Wannan ana takawa."