Giwa da Lema a Shagon Shayina

Ana saura mako a yi zaɓe, na hana maganar siyasa a shagon shayina da ke Yendi, don kada 'yan jam'iyyar giwa da 'yan jam'iyyar lema su farfasa mini kofuna. Na kashe labarai, na sa wani tsohon fim ɗin Indiya mai 'yan'uwa biyu, ɗan sanda da ɗan fasa-ƙwauri, da uwarsu mai yawan kuka.

Na miƙe na yi jawabi. "Na farko, wannan fim tarbiyya ce zalla. Na biyu, na kalle shi tun ina saurayi, babu siyasa a ciki ko kaɗan."

Sai ga mugun attajirin da ya kashe uban 'yan'uwan ya shigo a kan giwa. 'Yan lema suka tashi da ihu: "Ko a Indiya an san halinku!"

Ina cikin ba da haƙuri, minista mai cin hanci ya sauko daga mota, ana riƙe masa lema. Benci ya kife, tukunyar shayi ta bi shi.

Har yau, ko limaminmu ya shigo, sai ya leƙa talabijin ya ce, "Maishayi, yau wace jam'iyya Indiya take yi?"