Mai Huci Ta Rasu a Bayan Tanti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma a ƙarƙashin baƙin cikin wanda ba sai an kira sunansa ba, Malama Karimatu Maje, ɗalibar harhaɗa magunguna mai zama a Tottenham, tana sanar da 'yan'uwa ɗaliban Arewa da ke Landan rasuwar abokiyar zamanta, dirayar busar da gashi wadda aka fi sani da Mai Huci. Ta rasu ranar Lahadin ƙarshe ta watan Yuli, 1977, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, a bayan tantin makaɗa, a kan wani dutse na ƙasar Wales, tana bakin aikinta. Shekarunta shida a duniya. Uku daga ciki ta yi su ne tana bauta wa ƙungiyar kiɗa ta 'Yan Hazo, wadda har zuwa rubuta wannan takarda ba ta aiko da ko gaisuwa ba.

Marigayiya ba 'yar gidan masu hali ba ce. Sista Scholastica, wata nas mutuniyar Jos, ita ta bar wa Karimatu ita da za ta koma gida, mariƙinta a tsage an ɗaure shi da filasta. Maɓallinta biyu ne kacal, na ɗumi da na zafi. Tana da ƙa'ida guda, kuma duk wanda ya zauna da ita ya san ta: in ta yi minti biyar tana aiki, a bar ta ta huta minti biyu. Wanda ya kiyaye mata wannan bai taɓa ganin fushinta ba. Muryarta fuuuu ce mai laushi, ba ta hawa, ba ta sauka.

Ga yadda ta shiga harkar kiɗa, don waɗanda suka manta da waɗanda suke nuna sun manta. Da samarin nan suka kafa 'Yan Hazo, sun sa an kawo musu kalangu uku daga Kano ta jirgin sama. Sati biyu a cikin danshin Landan, fatun suka saki, in an buga sai ka ce ana dukan jiƙaƙƙiyar katifa. Shugabansu Uwaisu, ɗalibin lauya wanda ya koyi kiɗa a bakin rikoda, har ya kunna tandar gas zai cusa su ciki. Karimatu ce ta tare ƙofar kicin. Ita 'yar Maje mai kalangun mahauta ce a kasuwar Yelwa, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan ba, ko a gaban 'ya'yan manyan sakatarori. Tun tana shekara shida take juya wa mahaifinta fata a bakin wuta. Ta ciro Mai Huci daga jaka, ta bi fatar daga gefe zuwa tsakiya, tana zagayawa, tazarar tafin hannu ɗaya, tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa har kalangun ya amsa. Daga nan ta saƙala shi a hammata, ta ɗauki gula, ta yi musu taken mahauta guda ɗaya. Uwaisu ya je ya kashe tandar.

A ranar ta nemi a ba ta kalangu ɗaya a cikin ukun. Uwaisu ya yi dariya irin ta lauyoyi, ya ce haba ƙanwata, mace da kalangu a hammata a gaban Turawa, in hoto ya kai gida me za a ce da su? Wai bana dai ta riƙe musu dirayar, baɗi a gani. Shekara uku ke nan ana ganin baɗin.

Duk bazara, wani ƙauyen shaƙatawa da ke kan duwatsun Wales yana yin bikin kiɗa na kwana uku. Masu haƙar kwal suna zuwa da kakakinsu na tagulla, tsofaffi da irin nasu gogen, 'yan makaranta da sarewa, ana kafa tantuna a bakin tafki, ranar ƙarshe kuma a yi gasar ƙananan ƙungiyoyi a ba da kofi. Wurin yana da kyau, Karimatu ba ta musun wannan. Amma ita da marigayiya abin da suka fi sani a cikinsa shi ne bayan tanti, inda soket ɗaya ke rataye a jikin katako, ciyawa tana jiƙa wa mutum zane. A 1975 suna nan tsugune tun safe, fuuuu, a huta, fuuuu, a huta, har 'Yan Hazo suka zo na biyar cikin ƙungiya goma sha huɗu. Da aka sauko, aka rungumi Uwaisu. Aka miƙa wa Karimatu lemar wani ta riƙe.

A shekara ta biyu ne Gimbiya ta zo. Gimbiya ogan ce ta lantarki, mai haƙora fari da baƙi kamar piyano, wadda Mijinyawa, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya saya a shekarar da mahaifinsa ya samu kwangilar siminti. Ta zo da rigarta ta fata, da kujerarta, da mayafin share ƙura nata na kanta. Mutum huɗu ke ɗaukarta, suna cewa a hankali, a hankali. Marigayiya ba a taɓa ce mata a hankali ba. Bazarar nan an yi zafin da Turawa suka yi ta kuka da shi, fatun kalangu suka ɗaure da kansu, sai Mijinyawa ya aiko a gaya wa Karimatu cewa an yi booking ɗin mota amma babu space, Gimbiya ta cinye kujerar baya. Mai Huci ta yi kwana ukun nan a cikin durowa, mai ita kuma a laburare, tana karanta shafi ɗaya sau tara. Suka zo na biyu. Aka ce albarkar Gimbiya ce, aka yi mata liyafa a flat ɗin Mijinyawa, aka ɗora mata furanni. Karimatu ta je liyafar, ta ci shinkafa, ta ce Allah Ya sanya alheri, kuma ba wanda ya ga komai a fuskarta.

Bana rediyo ya ce za a yi ruwa a Wales daga Juma'a har Litinin. Ranar Alhamis sai ga Uwaisu da ƙafarsa a Tottenham, hula a hannu, yana kiranta Yaya Karimatu, shi da ya girme ta da shekara huɗu. Ta ce za ta je bisa sharaɗi ɗaya: ita za ta buga waƙa ta biyu. Ya ce ai wannan ba abin magana ba ne. Ta hau jirgin ƙasa da marigayiya a jakar hannu, don har yanzu Gimbiya ce a kujerar baya. Da ta isa, sai ya ja ta gefe ya ce wallahi ba laifinsa ba ne, an riga an cike fom da suna shida, masu gasar ba sa yarda da ƙari. Ta dube shi. Ta dubi kalangu ukun da ke kwance sun jiƙe kamar kifi. Ba ta bar su a jiƙe don haushinsa ba, kuma ba don shi ta tsuguna ba. 'Yar Maje ba ta iya ganin fata a wannan hali ta wuce.

Ciwon ajalin gajere ne, kuma yana da shaidu. Ranar Lahadi, bayan Gimbiya ta gama shan wutarta ta saki soket, Karimatu ta jona marigayiya ta tafi ta yi azahar a cikin motar ƙungiya. A nan ne Saudatu, mai kaɗa caki a gaban ƙungiya, wadda aikinta duka shi ne murmushi da juya kafaɗa, ta ga ruwa ya kwantar mata da gashin da ta kwana biyu tana tayarwa. Ta ɗauki Mai Huci ba sallama, ta danna na zafi, ta yi minti ashirin ba hutu. Tun daga wurin ajiye motoci Karimatu ta ji muryar ta canza. Ba fuuuu ba ce, firrr-ƙir-ƙir ce, kamar tsohuwa mai tari tana hawan bene. Saudatu ta miƙo ta tana cewa sorry, 'yar'uwa, abin nan naki yana wari fa.

Saura minti goma sha biyar a kira 'Yan Hazo, ga kalangu uku ba a taɓa ko ɗaya ba. Babu lokacin hutu, kuma marigayiya ba ta nema ba. Ta gama na farko tana ƙir-ƙir-ƙir. Ta gama na biyu hayaƙi siriri yana fita ta bayanta. A kan na uku, na Uwaisu, ta kai rabin fata, ta ja wani dogon fuuu irin nata na da, mai laushi, sannan ta ce tas. Shi ke nan. Jikinta kuwa da sauran zafi, har yana ƙona hannu. Karimatu ta kifa gawar a kan fatar, ta naɗe su tare da gyalenta, ta rungume a ƙirji, ruwa yana dukan kanta, har aka kira sunan ƙungiya. Da ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, kalangun ya amsa.

Sauran labarin kowa ya ji shi, amma ba yadda ya faru ba. A tsakiyar waƙar farko ruwa ya shiga cikin Gimbiya, ta yi kiiii, ta suma. Mijinyawa ya yi ta danna haƙora babu amo. Aka bar kalangu uku su kaɗai a fili, suka yi magana har masu haƙar kwal suka miƙe tsaye da kakakinsu a hannu. Alƙalan gasa suka ce ba su taɓa jin ganga mai murya irin wannan a cikin ruwa ba. 'Yan Hazo suka ci kofi. Aka lulluɓe Gimbiya da bargo biyu, maza huɗu suka kai ta mota suna tambayar juna ko za ta tashi. Ta tashi, tun ranar Laraba. Jaridar ƙauyen ta buga hoto: mutum shida suna dariya, Gimbiya a tsakiya da kofi a kanta, gashin Saudatu tsaye cif. A can gefen hagu, a ƙasa, a kan ciyawa, akwai ɗan guntun farar waya. Karimatu ta sayi jaridar guda uku, ta zagaye wayar da jan biro.

Lawal, mai karatun injiniyan lantarki, shi ya duba gawar. Ya ce wayar cikinta ta ƙone ƙurmus, ba ta gyaruwa, ya kuma ciro wani dogon gashi da ya naɗe farfelarta. Karimatu kitso take yi. An adana gashin a cikin ambulan, mai shi tana iya zuwa ta karɓa.

Marigayiya ta rasu ta bar kalangu uku, waɗanda tun dawowa aka jibge su a ɗakin Karimatu don a nan ne ake jinyarsu. Ta bar mataji ɗaya mai karyayyen haƙori, da madubi, da filogi mai rai wanda ba za a ba kowa ba. Ta bar kan mai ita, wanda shekara uku yana bushewa da tawul don a tanadi ƙarfinta saboda fatun wasu. Ba ta bar kishiyar sana'a ba, don Gimbiya ba ta kai ba.

Game da jana'iza. Ranar Litinin da ta wuce Uwaisu ya kawo wa Karimatu kofin a cikin leda, da takarda mai suna shida, na bakwai kuma Gimbiya, ya ce ta taimaka ta kai wa mai zana suna a Old Kent Road, tunda ita ta saba da ɗaukar kaya. Ta hau bas biyu ta kai. Ana sanar da ƙungiya cewa an yi zanen, ya kuma yi kyau. Abin da ke jikin kofin shi ne: Mai Huci, 1971 zuwa 1977. Takardar Uwaisu tana nan lafiya a cikin ambulan ɗaya da gashin.

Za a sa marigayiya a makwancinta, wato cikin kofin, ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, kafin azumi ya kama, a ɗakin taro na ɗalibai da ke bayan tashar tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. An auna, ta shiga daidai in an naɗe wayar. Akwai shayi da cincin. Ba a buƙatar furanni, a kai wa Gimbiya da ta tashi daga jinya. Ba za a sayi wata diraya ba, wanda yake son busasshiyar fata baɗi ya fara koyon hura iska da baki tun yanzu. Saudatu tana iya zuwa, da ɗankwali. Gimbiya ta yi haƙuri, babu space.

Bayan an rufe kofin, Karimatu 'yar Maje za ta saƙala kalangun nan na uku a hammata, a tsaye, a gaban jama'a, ta buga wa marigayiya waƙa ta biyu. An ɗauki mai hoto. Kada Malam Uwaisu ya damu da abin da za a ce in hoton ya kai gida, an riga an rubuta adireshin kasuwar Yelwa a bayan wani sabon ambulan, an manna kan sarki.