Kujerar Gaba

Shekara biyu ina tuƙa baƙin wani otal a Dubai, yawancinsu Amurkawa. Su a baya suke zama, su yi godiya cikin ladabi, su sauka. To ranar da wata baturiyar Ostareliya ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da ni, har ta tambayi sunana, sai na ji wani sanyi ya ratsa zuciyata. Na karanta littattafan soyayya da yawa, na san yadda ƙaddara take sallama.

Kwana uku tana zama a gaba. Ina tuƙi a bakin ruwan Al Ras, amma ni a Kano nake ganinmu, hannunta da lalle, Hajiyata tana koya mata tuƙa tuwo. Har sunan 'yarmu ta fari na zaɓa. Da na gaya wa Bulus, abokin ɗakina, ya ce da Larabci, "Habibi, shwaiya shwaiya," wato in bi a hankali. Na ce masa bai san so ba.

Rana ta huɗu na sayo mata turare a kasuwar Naif, na haddace kalamaina. Sai ga ta da mijinta, wani ƙato mai gajeren wando. Shi ya faɗo kujerar gaba, ya dafa kafaɗata, ya tambayi sunana.

"A ƙasarmu barin direba shi kaɗai a gaba girman kai ne," in ji shi. Sai ya hango turaren. "Wannan fa na wa?"

Na ce nasa ne.

Har yau in Bulus zai shiga motata sai ya tsaya a bakin ƙofa. "Ango, in shiga gaba, ko sai ka turo magabatanka?"