Akuna Tara Sun Ce Gindin Kuka

A wani daji da ruwa ke cin gidaje duk damina, dabbobi sun kafa ƙungiyar taimakon juna. Kowa yana kai ɗan abinci da kaka, in gidansa ya rushe sai a tura Dabgi, gwanin haƙa, ya yi masa sabo.

Kunkuru ne ya tsara aikin, kuma dokarsa ɗaya ce: kowane bayani a kai ɗaya zai zauna. Giwa ta riƙe sunayen 'yan ƙungiya, Mujiya ta riƙe waɗanda suka kawo abincinsu, inda kowa yake zaune kuwa aka damƙa wa Hawainiya. Ba a taɓa kuskure ba, wallahi. Sai dai Mujiya ba ta tashi da rana, Hawainiya kuma kun san tafiyarta.

Da ruwa ya cinye ramin Bushiya a gindin kuka, ta kwaso 'ya'yanta a jiƙe ta zo. Giwa ta ce ta gane ta. Mujiya ta ce a dawo in ta farka. Hawainiya aka ce tana hanya. Haka yaran suka ƙare damina a ƙarƙashin ganye suna atishawa.

A taron kaka Dila ya miƙe, ya ce, “Jama'a, abin nan ya ishe mu. Tambaya ɗaya sai an zaga kawuna uku? Ga akuna goma suna zaman banza. A koya wa kowannensu komai da komai, duk wanda ka tarar ya ba ka amsa nan take.”

Kunkuru ya ce, “Na ji, kuma sauri abu ne mai daɗi. Amma in wani ya sauya gida, wa zai bi akuna goma ya gyara musu karatu?”

Kafin ya kai ƙarshen jimlar an tafa wa Dila an watse.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ita kuwa Bushiya ta yi hankali, ta bar kwari ta koma tudu, gindin tsamiya. Ta sami wani aku ta faɗa masa, ya ce, “An gama, Iya!” Bai faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya ce masa ya faɗa.

Damina na kamawa Giwa ta taka sabon gidan, ba da gangan ba. Bushiya ta ruga majalisa, hadari na haɗuwa a gabas.

“Ranka ya daɗe,” ta ce wa Dila, wanda yanzu shi ne shugaba, “a taimake ni kafin ruwan nan ya sauko. Ƙaramin nawa har yau tarin bara bai sake shi ba.”

“Yanzu kuwa! Ina gidan Bushiya?”

Akuna tara suka ce gindin kuka. Ɗaya ya ce gindin tsamiya.

“Tsamiya ne,” in ji Bushiya. “Ni ce fa mai gidan!”

Dila ya ce, “Iya, ki yi haƙuri. Da ke da shi biyu ke nan, su kuma tara ne.”

Kafin a ce me, Dabgi ya haƙa rami a gindin kuka, mai faɗi, har da ɗakin yara. Ba a taɓa gama aiki da sauri haka ba. Ruwa ya sauko ya cika shi fal, Kwaɗo ya leƙa ya ga alheri, ya tare.

Bushiya ta yi kuka, ta yi zagi, sannan ta yi dariya don abin ya fi ƙarfin kuka. Akun nan na goma, da kunya ta kama shi, ya bar mata kogonsa na jikin tsamiya, yaran suka kwana a bushe. Suna cikin shirya shimfiɗa sai ga Hawainiya ta iso tana haki, ta ce ta kawo amsar tambayar bara: gindin kuka ne.

Har gobe akuna tara na ba da shaida cewa Bushiya na nan lafiya a gidan da ƙungiya ta yi mata, kuma duk wanda ke shakka ya je da damina, zai ji ta tana waƙa.