Ranar Da Na Tuƙa Bature Cikin Rafi

Zamanin Turawa ni ke tuƙa Baturen rijiyoyi a Landiroba, motar da na rantse ko dutse za ta hau. Ni Bakano ne, ban san ƙasar Batsari ba. Muna kan hanyar Safana da damina, sai hanya ta rabu biyu wajen Wagini.

Wani dattijo mai jaki ya ce, "Samari, bi ta tudu. Waccan ba hanya ba ce."

Na dubi farin yashi shimfiɗe sumul, na ce, "Baba, ka taɓa tuƙi?"

Na bi ta yashin, ashe rafi ne. Muka nutse har ƙofar mota, ga hadari ya haɗo. Bature ya dai tuɓe takalmi. Mutanen gari suka zo da igiyoyin guga, suka fizgo mu, ruwa na biye da mu.

Yawancinsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, ina kewar dariyarsu. Amma duk ranar da na je kasuwar Wagini jikokinsu na tare ni: "Direban kwalekwale, yau ina za a tsallaka?"