Wuri Ɗaya a Gidan Gaba

A shekara ta 1973, shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira, Fasto Habila Jumare ya fara haɗuwa da Almu a tashar jirgin ƙasa ta Agege. Habila ya sauko da akwatin littattafai da amaryarsa Mariamu. Almu kuwa Bakano ne, ƙaramin ɗan goro, da jin Hausar baƙon ya ce, "Af, Bazazzagi! Allah ya kawo mini bawa har Ikko." Tun daga ranar, kamar yadda Kanawa da Zazzagawa suka gada, babu baƙar maganar da ɗaya zai faɗa wa ɗaya a kai ƙara. Suka yi maƙwabtaka. Da Hajo matar Almu ta yi haihuwar fari, ba ta da kowa a Legas, Mariamu ce ta riƙa hura wuta tana yi mata wankan jego safe da yamma har aka yi arba'in.

Kowace damina ikilisiyar su Habila takan kira fastocinta zuwa wani gidan hutu a kan duwatsun Filato. Mako biyu babu wa'azi, babu jana'iza, sai barci da addu'a da iska mai sanyi. Kowace damina kuma Almu, wanda ya zama Alhaji mai motocin goro, shi ke ba Fasto wuri a mota mai zuwa Arewa. A daminar 2001 Fasto ya isa rumfarsa da hantsi.

"...lafiya ƙalau, Bakano. Ina ciniki? Mutum nawa ka cuta yau?"

"Kai nake jira in buɗe kasuwa. Tuɓe takalmi, bawa ba ya zuwa gaban ubangidansa da sau-ciki."

"Ubangidan da goro ya cinye wa haƙora? Hutunmu ya zo. Motarka ta Litinin, a ajiye mini wuri a gidan gaba."

"Wuri nawa?"

"Ɗaya mana, kamar kullum."

Almu ya ajiye goron da yake tsincewa. Bai yi dariya ba.

"Babu."

"Babu me? Ga motar can ko lodi ba a fara ba!"

"Na ba akuya wurin. Ita ta fi ka bukatar hutu. Kai hutun me za ka yi? Aikinka rana ɗaya a mako, shi ma da baki."

"Ji mai magana! Kai da aikinka zama a tabarma kana yayyafa wa goro ruwa, kana rantsuwar ƙarya!"

"Na ji. Ni ban yi boko ba, kai ne ɗan makarantar mishan. Wannan hutun naku, wa da wa aka kira?"

"Fastoci da matansu."

"Sake faɗa, kunnena ya tsufa."

"Da matansu!"

"To taka rasuwa ta yi, ba a gaya mini ba?"

Fasto ya ji jini ya hau masa kai. Da wani dattijon ikilisiya ne ya faɗa masa haka, da sai an zauna a kansa. Amma Bakano ne, ba dama.

"Ka iya bakinka, Almu. Ka san mahaifiyata Iya makauniya ce, ba ta tashi. Wa zai juya ta, wa zai yi mata wanka? Ga baƙi, duk wanda ya sauko daga Arewa neman gadi ko acaɓa gidana yake fara kwana. Mariamu da kanta take cewa in tafi."

"Me za ta ce? Ta auri Bazazzagi, ta san sauran. Ka tafi ka dawo kumatunka kamar burodin Agege, ka zauna a nan kana ba ni labarin madara da bargo. Ita kuwa hannuwanta kamar ganyen goron da ya shekara. Uwarka ce ko uwarta?"

"Kar ka sa Iya a bakin nan naka!"

"Na sa! Iya ma baiwata ce. Ina kake ranar Talata?"

"Ina ɗaki ina shirya wa'azi. Ina ruwanka?"

"Wa'azin me?"

"Na ranar hutu, yadda Ubangiji ya umarta."

Almu ya buga tafi, amma idonsa ya kaɗa.

"Madalla! Kana rubuta hutu, matarka tana kwance a bakin famfo, bokiti ya kife a kanta. Jiri ya yar da ita. Hajo ce ta ɗaga ta, ta kai ta kemis, aka ce jininta ya hau sama. Ka san abin da ta roƙa? Kada a gaya wa Fasto, yana aikin Allah."

Fasto ya tuna ranar Talata an makara da tuwon dare, har ya yi ƙorafi.

"Ƙarya kake, Bakano," ya ce. "Ku da ƙarya aka yanke muku cibi. Riƙe motarka! Zan hau bas a tashar Ojota."

"Je ka. Zan aika wa direban ya ba ka kujera biyu, ɗaya taka, ɗaya ta girman kanka."

Fasto ya fita ko sallama bai yi ba, har wata motar haya danfo ta kusa kwashe shi. Duk hanya yana shirya abin da zai ce wa Mariamu. Ya yanke shawara bana ba zai je ba, ko da yake ya san zamansa ba zai sauke mata bokiti ko ɗaya ba, don bai taɓa koyon ɗauka ba.

Yana shiga gida ya tsaya. Wuta tana ci a tsakar gida, tukunya tana tururi. Hajo ta ɗaure zani, ta jingina Iya a ƙirjinta tana goge mata baya. Tabarmarta da butarta da ƙunshin kayanta suna ƙofar ɗakin tsohuwar. Mariamu tana zaune a kan turmi, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Hajiya, me ke nan?"

"Alhaji ya ce Zazzagawa ba su iya riƙon tsohuwa ba, in zo in koya muku. Mako biyu zan yi. Baƙinku kuma su je rumfa, ya ce zai ciyar da su da aiki."

Mariamu ta ce, "Yaya Hajo, ruwan ya yi zafi da yawa."

"Yi mini shiru. Lokacin da kike tsoma ni a tafasasshe, na ce miki ya yi zafi?"

Fasto ya juya ya koma rumfa. Wannan karon ya tuɓe takalminsa a bakin tabarma.

"Ranka ya daɗe, Bakano. Wuri biyu."

Almu bai ɗago kai ba, ya tura masa farin goro babba.

"Ɗaya ne a gidan gaba, na Mariamu. Kai ka hau bayan mota, a kan goro."

Fasto ya yi dariya har ya share ido.

"Na hau," ya ce.